Suedi: mawaƙin da ya ajiye Turanci ya koma bakin unguwarsu

Sunaye huɗu gare shi a takarda: Ibrahima Erik Lundin Banda. Na farko da na ƙarshe daga Gambiya suka zo, ta wajen uba. Biyun tsakiya na Suwidin ne, ta wajen uwa, kuma irin sunayen nan ne da in an kira su a asibiti ko a ofishin haraji, kowa zai waiga yana neman wani dogon Bature mai jan kunne. Wanda zai miƙe kuwa fatarsa ta nuna jinin Afirka. An haife shi a 1982, ya tashi a Bromsten, wata unguwa a yammacin Istokholm, babban birnin ƙasar.

A farkon 2016, a bikin Grammis, wato babban taron karrama mawaƙa na Suwidin, sau biyu aka kira sunan Erik Lundin. Lamba ɗaya ta fannin hip hop ce, ɗayar kuma ta gwanin rubuta waƙa na shekara. Ta biyun ce abin dubawa, domin ba 'yan gambarar zamani kaɗai ke takararta ba. Duk wanda ke ɗora baiti a kan kiɗa a ƙasar yana ciki, har da masu jita da masu waƙoƙin soyayya da gidajen rediyo suka daɗe suna lallaɓawa. Shi kuwa abin da ya shiga da shi ɗan ƙaramin kundi ne mai waƙoƙi ƙalilan, mai suna Suedi, wanda wani kamfani mai zaman kansa ya fitar a ƙarshen 2015, an kuma rera shi da irin Suwidancin da malaman makaranta suka daɗe suna ja wa jan biro.

Shekararsa 33 lokacin da kundin ya fito. A wannan sana'a, ai wannan tsufa ne. Yara ne ke tashe suna da 18 ko 19, kafin su kai 30 an manta da yawancinsu. To ina ya shige duk shekarun nan? Yana nan, yana waƙa. Da wani suna ne dai, da wani harshe.

Ƙarshen shuɗin layi

Sai an san wurin kafin a gane mutumin. Tsakanin 1965 da 1974 gwamnatin Suwidin ta gina gidaje miliyan ɗaya, a ƙasar da mutanenta a lokacin suke wajen miliyan takwas. An yi abin da kyakkyawar niyya: ma'aikaci ya sami ɗaki mai ɗumi, da ruwan famfo, da makewayi a cikin gida. Aka jera dogayen benaye na kankare a gefen birane. A arewa maso yammacin Istokholm aka sami Rinkeby da Tensta da Husby, aka ja musu jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda a taswira layinsa shuɗi ne. Bromsten tana jingine da Rinkeby.

Da tafiya ta yi tafiya, 'yan ƙasa masu hali suka sayi gidajen kansu suka tashi, baƙi suka maye gurbinsu. Da farko ma'aikata ne daga Finlan da Girka da Turkiyya da tsohuwar Yugoslabiya. Sai 'yan Chile da suka gudo bayan juyin mulkin 1973. Sai Iraniyawa da Iraƙawa da 'yan Labanan, sai Somalawa da 'yan Bosniya bayan 1990, daga baya kuma 'yan Siriya. A yau ƙasar na da mutum sama da miliyan goma, kuma kusan ɗaya cikin biyar a waje aka haife shi. Mai karatu da ya tashi a zango ba sai an yi masa dogon bayani ba: unguwar baƙi ce, inda harsuna ke cakuɗa a bakin yara, inda kuma in ka faɗi sunan unguwarku wajen neman aiki sai ka ga fuskar mai tambayar ta ɗan sauya.

Akwai wani abu da ƙasar ta yi wa yaran nan, kuma adalci ne a faɗe shi. A watan Disamba, kafin ƙarfe uku na rana duhu ya rufe Istokholm, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Yaro ba ya iya zaman dakali. Ƙananan hukumomi na da gidajen matasa da ake buɗewa bayan an tashi makaranta, da makarantun koyon kiɗa masu rahusa, ga kuma ƙungiyoyin ilimin manya da ke ba da ɗakin gwaji da kayan sauti ga duk 'yan samarin da suka haɗa kansu suka yi rajista. Da kuɗin haraji ake yin wannan. Mawaƙan hip hop da yawa a ƙasar a irin waɗannan ɗakuna suka fara riƙe makirfo. Mutane kan yi mamakin yadda 'yar ƙasa kamar Suwidin ta fitar da ABBA da Max Martin da Avicii. Wani ɓangare na amsar ke nan.

Waɗanda suka share hanya

Lokacin da Erik yake yaro, baƙar fatar da ya fi kowa tashe a waƙar Suwidin ɗan Najeriya ne. Dattawan cikinmu za su tuna Dr. Alban, likitan haƙori da ya je karatu Istokholm ya ɓige da waƙa, wanda kaset ɗinsa ya zaga duniya a farkon shekarun 1990. Da Turanci ya yi, kuma kasuwar duniya ya nufa. Darasin da yaro zai ɗauka a nan a fili yake: in kana son ka yi nisa, yi da Turanci.

Sai 1994 ta zo da wani darasin daban. Wasu samari masu asali da Latin Amurka daga Botkyrka, a kudancin birnin, suka fito da sunan The Latin Kings. Kundinsu na farko, wanda ma'anar sunansa ita ce barka da zuwa bayan gari, da Suwidancin unguwa suka yi shi, ba gyara ba kwaskwarima. Jama'ar cikin gari suka ji wani harshe da ake yi a ƙasarsu wanda ba su taɓa saurara da kyau ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce an ɓata harshe. Bayan shekara goma, jagoran ƙungiyar, Dogge Doggelito, ya haɗa kai da wata farfesar harshe, Ulla-Britt Kotsinas, suka wallafa ƙamus na kalmomin bayan gari. A 2006 kuma ƙamus ɗin da Cibiyar Harshe ta Suwidin ke fitarwa, wanda shi ne alƙalin rubutu a ƙasar, ya karɓi biyu daga cikin irin kalmomin: guss, wato yarinya, daga Turkanci, da keff, wato abu marar kyau, daga Larabci.

Don haka hanya biyu ce a gaban saurayi mai son gambara a Istokholm. Erik ya fara bin ta Turanci.

Shekarun Eboi

Sunan da ya ɗauka shi ne Eboi. Wanda ya san yadda 'yan Gambiya ke ce wa Ibrahim Ebrima ko Ebou, kamar yadda mu muke cewa Iro ko Ibro, zai ji ƙamshin sunan yanka a ciki. Ya yi tafiya tare da Adam Tensta, wani matashi daga unguwar Tensta wanda shi ma ubansa ɗan Gambiya ne, wanda kuma ya mai da sunan unguwarsu sunansa na waƙa. Kundin Adam na 2007 ya karɓu ƙwarai, ya ci lambar Grammis, kuma an ji muryar Eboi a ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka yi tashe, Dopeboy. Dukansu suna ƙarƙashin RMH, wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa da ya taso daga cikin irin waɗannan unguwanni, wanda daga baya ya yi aiki da mawaƙa mata biyu da suka yi suna, Silvana Imam da Cherrie.

Ba za a ce shekarun nan asara ba ne. A nan ya koyi numfashi a kan kiɗa, da tsayuwa gaban jama'a, da yadda ake jera amsa-amo har ya zama kunne bai gaji ba. Amma sunan Eboi bai wuce da'irar masu bin hip hop sosai ba. A ganina dalilin ba boyayye ba ne. Mai gambara da Turanci daga Istokholm yana takara ne da 'yan New York da Atlanta a cikin harshen uwarsu, a kan labarin titunansu. Komai iyawarsa, Ba'amurke zai ji shi a matsayin baƙo mai ƙoƙari. Ɗan Suwidin kuma zai kaɗa kai ga kiɗan, maganar ta wuce ta saman kansa, ko da kuwa yana jin Turanci, domin ba da wannan harshen aka zage shi ba, ba da shi uwarsa ta yi masa faɗa ba. Gambara kuwa magana ce. In aka cire habaici da zambo da wasa da kalma, me ya rage?

Kalma ɗaya

Suedi kalmar Larabci ce da ta shiga bakin yaran bayan gari. Ma'anarta ɗan Suwidin. A unguwa, ba yabo ba ne a ce maka haka. Suedi shi ne wancan na cikin gari, mai ƙananan dokoki, wanda ba ya gaisawa a lif, wanda in ka je gidansu lokacin cin abinci zai iya barinka a ɗaki ya je ya ci ya dawo. Yaran da aka haifa a asibitocin Istokholm, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai a hutu, in ka tambaye su sai su ce su Turkawa ne, ko Somalawa, ko 'yan Gambiya. Sun ɗauki abin da ƙasar ta daɗe tana nuna musu ne, suka mai da shi abin taƙama.

Waƙar da kundin ya ci sunanta a kan wannan take. Labarin yaro ne mai suna Erik a unguwar da suna irin wannan abin kunya ne, wanda kuma in ya shiga gari fatarsa ke riga sunansa magana. Nan an ce bai cika ɗan unguwa ba, can an ce bai cika ɗan ƙasa ba. Ƙarshenta sai ya ɗauki kalmar da ake tsokana da ita ya rataya a wuya: shi suedi ne, kuma ba ya neman izinin kowa. Wayon da ke ciki shi ne bai yi amfani da kalmar da hukuma ke rubutawa a fasfo ba. Da ta unguwa ya yi iƙirarin zama ɗan ƙasa. Ya ce wa 'yan cikin gari ƙasar tasa ce, ya kuma ce wa abokansa na unguwa su daina sallama ta ga wasu. Ni na fi ganin nauyin magana ta biyun, don ta fi wuyar faɗa. Zagin na waje abu ne mai sauƙi a gambara, kowa na yi. Gaya wa naka gaskiya shi ne aiki.

Batun suna kuwa ba ƙirƙirar mawaƙi ba ce. Wasu masana tattalin arziki biyu na ƙasar, Magnus Carlsson da Dan-Olof Rooth, sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2007: suka aika wa kamfanoni takardun neman aiki masu ƙwarewa iri ɗaya, wasu da sunayen Suwidin, wasu da sunayen Gabas ta Tsakiya. Masu sunan Suwidin sun fi samun kira. Ka ga ke nan mutumin da ke da Erik da Ibrahima a takarda guda yana yawo ne da makulli biyu a aljihu, kuma ya san wace ƙofa kowanne ke buɗewa.

Sai harshen kansa. Wanda ya saurari kundin daga cikinmu, ko bai jin Suwidanci ko kaɗan, zai riƙa tsintar kalmomin da ya sani. Ɗaya daga cikin waƙoƙin ma sunanta Haram. A bakin yaran unguwannin nan, Musulminsu da Kiristansu, wallahi da yalla da habibi sun zama na kowa, kamar yadda para, kuɗi da Turkanci, da aina, 'yan sanda, suka zama na kowa. Erik bai tsaya ga zuba waɗannan kalmomi don ado ba. Yana haɗa su da tsohon Suwidanci na littafi a baiti guda, ya sa su amsa wa juna. Wannan ne ya sa masu sharhin adabi a manyan jaridu, waɗanda da ba su cika kula gambara ba, suka zauna suna warware baitocinsa kamar masu fassara waƙar wani sha'iri.

Ga misali guda na irin wasansa. Akwai waƙa a kundin mai suna Annie Lööf. Wannan sunan wata 'yar siyasa ce, shugabar jam'iyyar Centerpartiet a lokacin, wadda aka sani da jan gashi da kuma kare 'yan kasuwa. Takardar kuɗi ta krona 500 ja ce. Sai ya mai da sunan matar laƙabin kuɗi. Ba zagi a ciki kai tsaye, amma duk ɗan ƙasar ya gane inda aka dosa: yaran da 'yan siyasa ke wa wa'azin neman na kai sun ji, ga yadda suke nema. Bahaushe zai gane wannan salon nan take, shi da ke raɗa wa takardun kuɗi sunan mutanen da ke jikinsu.

Lokacin da ya faɗo

Sa'a ma ta taka rawa, in ana kiran irin wannan sa'a. A watan Mayun 2013 'yan sanda suka harbe wani dattijo mai shekara 69 a Husby, unguwar ta kama da wuta, aka kwashe kwanaki ana ƙona motoci, abin ya bazu zuwa wasu unguwanni. A ƙarshen shekarar, wani babban mawaƙin gambara, Jason Diakité, wanda aka fi sani da Timbuktu, ya tsaya a ginin majalisar dokoki yana karɓar lambar yabo ta yaƙi da wariya, ya zaro fasfonsa na Suwidin ya ɗaga, don ya nuna abin da yake riƙewa a matsayin shaida duk lokacin da aka yi shakkar ko shi ɗan ƙasa ne. Jam'iyyar Sverigedemokraterna mai adawa da shigowar baƙi, wadda ta fara shiga majalisa a 2010, ta sami kusan kashi 13 cikin 100 a zaɓen 2014. Sannan a 2015 mutum wajen 163,000 suka nemi mafaka a ƙasar, akasarinsu daga Siriya da Afganistan da Iraƙi, har gwamnati ta tsaurara iyakoki kafin shekarar ta ƙare.

A cikin wannan hayaniya Suedi ya fito. Tambayar da ake yi a majalisa da talabijin da teburin cin abinci ita ce wane ne ɗan Suwidin. Sai ga wani ya amsa ta daga Bromsten, cikin 'yan mintoci, da dariya a ciki. A 2016 ya biyo da wani ƙaramin kundin mai ma'anar barka da dawowa gida. A 2019 ya fitar da cikakken kundi, Zebrapojken, wato yaro jakin dawa, dabbar nan mai zanen fari da baƙi da ba a iya cewa wanne ne asalin launinta.

Wa ke da waƙar?

To, mu zo ga batun cin gashin kai, domin kalmar na yawo a bakin matasa ba tare da an san abin da ke ƙarƙashinta ba.

A tsohon tsari, manyan kamfanonin duniya, waɗanda yanzu uku ne, Universal da Sony da Warner, su ne ƙofa. Kamfani zai ba mawaƙi kafin alƙalami, ya biya situdiyo da bidiyo da talla. Yaro ya ga kuɗi a dunƙule ya ɗauka kyauta ce. Bashi ne. Daga ɗan kason da aka yanka masa na ciniki za a riƙa cirewa har a biya, kuma ko an gama biya, asalin naɗin waƙar mallakar kamfani ne, sau da yawa na shekaru masu yawa. The Latin Kings sun ɗanɗana wannan. Bayan sun yi suna suka ga abin da ke shigowa aljihunsu bai kai sunan ba, sai 'yan'uwan nan na gidan Salazar da ke cikin tafiyar suka kafa nasu kamfanin, Redline Records, wanda ya zama makaranta ga mawaƙan bayan gari da dama. Timbuktu ma da abokin aikinsa sun kafa nasu, JuJu Records, a kudancin ƙasar. Wato tun kafin intanet ta yi ƙarfi, 'yan gambarar Suwidin sun koyi cewa kwantiragi ya fi makirfo haɗari.

Abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya a Istokholm ɗin aka ƙirƙire shi. Suwidin ce gidan The Pirate Bay, shafin da duniya ke kwasar waƙa da fim kyauta, har kotu ta ɗaure waɗanda suka kafa shi a 2009. A cikin wannan rikici Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a 2006, aka buɗe shi ga jama'a a 2008. 'Yan Suwidin na cikin mutanen farko a duniya da suka saba da biyan kuɗin wata don sauraron waƙa. Daga nan mawaƙi ba ya bukatar kamfanin da zai buga masa faifai ya kai kanti. Yana bukatar dillali ne kawai na intanet, wanda zai ɗora masa waƙar a kan manhajoji ya ɗauki ɗan kaso ko kuɗin shekara.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Spotify na tara abin da ya samu daga masu biyan wata da masu talla, ya ware kusan kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙin waƙoƙi, a raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. Kaso mafi tsoka na mai asalin naɗin ne. Wani kason kuma na wanda ya rubuta baiti da wanda ya tsara kiɗa, kuma a Suwidin wata ƙungiya mai suna STIM, wadda ke aiki tun 1923, ita ke karɓo musu shi daga rediyo da talabijin da shaguna da wuraren wasa. Mawaƙin da ya rubuta abinsa, ya kuma riƙe asalin naɗinsa, ta hanya biyu yake ci. Shi ya sa lambar gwanin rubutu da Erik ya samu ba ta tsaya ga ado a kan kanta ba, rubutun kansa dukiya ne. Daga baya ma ya koma fitar da ayyukansa da sunan kamfaninsa, Mansa Banda. Mansa dai sarki ne a harshen Mandinka, kamar Mansa Musa na Mali.

Kada dai a ɗauka abin duk zuma ne. Mai cin gashin kansa shi ne mai biyan mai haɗa kiɗa, shi ne mai neman wurin wasa, shi ne mai cike takardun haraji, kuma hukumar harajin Suwidin ba ta san wasa ba. In kundi bai karɓu ba, ba wanda zai raba asarar da shi. Ga kuma farashin da harshen ke karɓa: duk duniya masu jin Suwidanci ba su fi miliyan goma da 'yan kai ba. Wanda ya ajiye Turanci ya san ya rufe wa kansa ƙofar Landan da Amurka. Akwai ɗan Suwidin da ya bi ta can ya dace, Yung Lean, wanda tun yana ɗan shekara 16 bidiyoyinsa na Turanci suka bazu a YouTube a 2013, har ya fi suna a waje fiye da gida. Don haka ba doka ba ce. Sai dai shi ba labarin unguwa yake sayarwa ba. Ga mai irin kayan Erik, kasuwar gida ce kasuwa.

Na baya da suka shigo

Ƙofar da su Latin Kings suka tura, su Erik suka faɗaɗa, yaran da suka biyo baya da gudu suka shige ta, kuma abin da suka shigo da shi ya tayar wa ƙasar hankali. Wajen 2019 gambarar unguwa ta mamaye jerin waƙoƙin da aka fi saurara a Suwidin. Yara ne masu waya da ɗan situdiyo, ba kamfani, ba mai tace musu magana, kuma da yawansu bindiga da ƙwaya da gabar ƙungiyoyi suke rerawa, a daidai lokacin da harbe-harbe tsakanin gungun 'yan daba ke ƙaruwa a ƙasar.

Wanda ya fi kowa tashe a cikinsu shi ne Einár, sunansa na gaskiya Nils Grönberg. Farar fata ne, ɗan wata 'yar wasan kwaikwayo, amma da bakin bayan gari yake waƙa, abin da ke nuna inda harshen ya kai: wanda ake wa dariya a 1994 ya zama abin da 'ya'yan cikin gari ke kwaikwayo. Da kansa yake fitar da waƙoƙinsa, kuma a 2019 ba wanda aka fi saurara a Spotify a duk Suwidin kamarsa. A 2020 wasu 'yan daba suka sace shi, suka wulaƙanta shi, suka ƙwace masa kaya. Ranar 21 ga Oktoba, 2021, aka harbe shi har lahira a Hammarby Sjöstad, wata unguwar masu hali a Istokholm. Shekararsa 19.

Kafin nan an riga an yi wata taƙaddama. A farkon 2021 tashar P3 ta gidan rediyon ƙasa ta ba wani mawaƙin daga Rinkeby, Yasin, lambar gwanin shekara alhali yana tsare, daga baya kuma kotu ta yanke masa wata goma kan hannu a shirin sace Einár. 'Yan siyasa suka yi ca a kan gidan rediyon, suna tambayar yadda za a karrama irin wannan da kuɗin jama'a. Masu kare waƙar suka ce madubi ba ya ƙirƙirar fuska. Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma akwai abin da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafi cin gashin kan da ake yabo. Yaro ɗan shekara 17 da kuɗi ke shigo masa kai tsaye, yana zaune a unguwar da kowa ya san ƙofar gidansu, ba lauya, ba manaja mai hankali, ba babba a kansa, nama ne a gaban kuraye. Tsohon kamfani yana cin mawaƙi, amma yakan sa shinge tsakaninsa da titi. Da aka cire kamfanin, shingen ma ya tafi, kuma ba a sa wani abu a gurbinsa ba.

Erik ya iso da shekara 33, da mutanen da suka daɗe tare da shi, bayan ya ga yadda tashe ke zuwa ya wuce a kan wasu. Waƙoƙinsa ma ba su rasa 'yan sanda da masu sayar da ƙwaya da abokan da suka ɓata ba, sai dai yana kallonsu ne da idon wanda ya san ƙarshen labarin. Na bayansa ba su sami wannan jinkirin ba. A watan Yunin 2024 aka harbe C.Gambino a wani wurin ajiye motoci a birnin Gotenbag. Mawaƙi ne da ba ya fita gaban jama'a sai da fuska a rufe, kuma bai daɗe da karɓar lambar Grammis ta hip hop ba, irin wadda aka miƙa wa Erik Lundin shekara takwas kafin nan.